Ina so in gina makaranta kamar manyan Alhazai: in taɓa jarina?

Wani ɗan kasuwa da ke harkar wake da aya a nan Maradi ya aiko da tambaya. Jarinsa ya kai miliyan 30 na sefa, bara ya ci ribar miliyan 6. Ya ji tarihin marigayi Alhaji Aminu Dantata, abin ya shiga ransa, yana so ya cire miliyan 15 ya gina makarantar firamare mai aji shida wadda ƴaƴan talakawa za su yi karatu kyauta. Yana tambaya ko ya fara bana.

Alhaji, Allah ya saka da alheri a kan wannan niyya. Amma kada ka taɓa jarin nan bana, kada ka taɓa shi baɗi.

Mu fara da mutumin da ka ɗauka abin koyi. An haifi Aminu Dantata a Kano a 1931. A 1948 ya shiga kamfanin mahaifinsa, Alhassan Dantata, yana sayen amfanin gona, irin aikin da kake yi yau. Ragamar kamfanin ba ta zo hannunsa ba sai 1960, bayan rasuwar yayansa Ahmadu. Daga nan ya faɗaɗa zuwa gine-gine da man fetur, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya aka kafa bankin Jaiz. Jami'ar Al-Qalam ta Katsina, wadda ya zama ubanta, a 2005 aka buɗe ta, shekara 57 ke nan da shigarsa kasuwa. Sashen wankin ƙoda da ya ba asibitin koyarwa na Aminu Kano, da gudummawar da ya kai Maiduguri lokacin ambaliyar 2024, duk sun fito ne daga hannun da ke da mashigar kuɗi da yawa, wadda in ɗaya ta toshe wata tana kawowa. Ya rasu a Yunin 2025 aka binne shi a Madina. Mutane sun fi tuna kyautar, amma kai ɗan kasuwa ne, shekarun da suka gabace ta ya kamata ka duba.

Kai mashigarka ɗaya ce, ita ma tana rataye da iyaka. An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023, ka san yadda kaya suka kwana a mangaza, ka san abin da faɗuwar naira ke yi wa mai sayarwa ta Jibiya.

Yanzu lissafi. In ka cire miliyan 15, jari ya koma rabi, riba ma za ta koma wajen miliyan 3, in kasuwa ta yi kyau kamar bara. Gini kuwa shi ne abu mafi araha a makaranta, domin sau ɗaya ake biyansa. Albashi ne ke cin mutum. Mu ƙaddara malami ɗaya jika 60 (sefa dubu 60) a wata: malamai shida a wata 12 sun tashi miliyan 4 da jika 320. Ƙara darakta, da mai gadi, da ruwa da wuta, da alli da tebura, da kuɗin CNSS, asusun inshora da fanshon ma'aikata, za ka haura miliyan 5 da rabi kowace shekara. Riba miliyan 3, makaranta na neman 5 da rabi, ga cefanen gida bai shiga ba. Giɓin daga jari zai fito, cikin shekara huɗu ko biyar ba kasuwa ba makaranta, yara kuma su watse a tsakiyar karatu. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: makarantu suna buɗewa a Oktoba, daidai lokacin kaka, lokacin da kowace jika a hannunka ya kamata ta zama tiyar wake tun farashi yana ƙasa. Kuɗin da ka fitar a watan nan ya fi na kowane wata tsada.

Zakka daban take, kada ka haɗa ta da wannan buri. Kashi 2.5 cikin ɗari ce a kan dukiyar ciniki da ta kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinari, ta kuma shekara. A kan miliyan 30 jika 750 ke nan. A mazhabar Malikiyya akwai bambanci tsakanin mai juya kaya kullum, wanda ke ƙiyasta hajarsa duk shekara, da mai ajiyewa yana jiran farashi, wanda ke fitarwa in ya sayar. Ka zauna da malaminka ya gaya maka inda ka faɗa. Mafi yawan malamai ba su yarda a zuba zakka a gini ba, amma ana iya ba uba matalauci ya biya wa ɗansa karatu.

Abin da za ka iya bana shi ne ka ware kashi ɗaya cikin goma na ribar, jika 600, ka sa shi a asusu na daban wanda ba a sayen kaya da shi. Da shi ka ɗauki yara goma, kowane jika 60: kaya, littattafai, takalmi, kuɗin makaranta. Ka biya makarantar kai tsaye, ka karɓi takardar shaida, ka nemi sakamakon kowane zango. Kada ka wuce goma ko da an yi ta roƙo, domin wanda ka ɗauka a ajin farko alkawarin shekara shida ne a wuyanka.

In ginin ne ya fi kwanta maka a rai, akwai hanyar da ba ta da albashi. Makarantun gwamnati da yawa a jihar nan har yanzu a rumfar zana yara ke zama, kuma ba wanda ya manta gobarar Nuwamban 2021 a cikin garin Maradi, wadda ta ci yara fiye da 20 a irin waɗannan azuzuwa. Ka je wajen daraktan makarantar unguwarku da hukumar ilimi, ka gina aji ɗaya na siminti da kwano daga ribar shekara ɗaya ko biyu. Malami na gwamnati ne, fili na gwamnati ne, kai gini kawai ka ɗauka. Ka sayi siminti da ƙarfe da kanka, ka biya magini mataki-mataki: tushe, bango, rufi. Wanda ya miƙa kuɗin gaba ɗaya yakan tarar da bango ya tsaya a taga.

Makarantar taka ta kanka kuwa, sai ta sami abin da zai ciyar da ita kafin a aza tubali. Ka riƙa sayen kadara daga riba, shaguna ko mangaza a wurin da haya ke tafiya, har kuɗin hayar shekara ya kai albashin shekara. Sannan ka mayar da su waƙafi a rubuce, da shaidu da hatimin hukuma, don kada magada su raba su ranar da ba ka nan. Takardar filin makarantar ta zama da sunan waƙafin, kuma ka sami izinin ma'aikatar ilimi kafin ka ɗauki yaro ko ɗaya. A wannan tsakanin ka yi wa kasuwarka rajistar RCCM (rajistar ƴan kasuwa) da NIF (lambar biyan haraji) in ba ka yi ba, ka ɗauki mai rubuta shiga da fita wanda ba ɗan ɗakinka ba, domin miliyan 6 da ka kira riba sai an cire bashin da ke hannun mutane da hayar mangaza da abin da ƙwari suka ci kafin a san nawa ce ta gaskiya.