Fatawa: Shin dole ne a ware wa mata banɗakinsu daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, a islamiyyarmu banɗaki ɗaya ne maza da mata, ƙofar ma ba sakata, sai dai ƙawarki ta tsaya miki gadi. Mun kai kuka wajen kwamiti sun ce kuɗin da aka tara na kafet ne da lasifika. Wai ware mana namu wajibi ne ko kwalliya?

Amsa: Wa alaikumussalam. 'Yar uwa kina da gaskiya, in dai akwai hali to wajibi ne, kuma yana gaba da kafet nesa ba kusa ba. Suturta al'aura wajibi ne, runtse ido ma umarni ne a Suratun Nur aya ta 30 da 31, ga ƙa'idar malamai cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Abu Dawud ya ruwaito Annabi (SAW) ya nuna a bar wa mata wata ƙofa a masallacinsa, Ibn Umar bai sake shiga ta nan ba har ya rasu. Ƙofar shiga sallah kenan fa, ina ga wurin da ake tuɓe tufafi?

Sannan ba raba ginin ne kaɗai ba. Yarinya mai haila tana buƙatar ruwa a ciki ba a tsakar fili ba, da sakata mai aiki, da haske, da kwandon shara mai murfi da za ta jefa audugar mata, in babu sai ka ga ta ƙunshe ta a jaka tana ta ɗar-ɗar har a tashi, ko ta yi zamanta a gida kwanakin nan karatu ya wuce ta, wata kuma ta ƙi shan ruwa tun safe don kar fitsari ya matsa mata. Riƙe fitsari yana jawo ciwon mafitsara, mata ya fi kamawa, hadisi kuwa ya ce ba cuta ba cutarwa.

Wani zai ce ai matan Madina wani fili da ake kira Manasi'u suke fita biyan buƙata da dare. Haka ne, amma Nana A'isha (RA) da ta ba da labarin a Bukhari cewa ta yi wannan kafin a gina makewayi kusa da gidaje ne.

Kafin a samu kuɗin gini a sa sakata yau, a raba lokacin shiga, kafet ya jira. Wallahu a'alam.