Yaya Zan Gane Zanen Duwatsu da Tafki Mai Inganci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A Jidda muke zaune, amma idan zafi ya tsananta mukan tafi hutu Abha, garin da ke kan duwatsun kudu maso yammacin Saudiyya, inda nake ganin zane-zanen duwatsu da tafki ana sayarwa. Ina son in sayi ɗaya saboda falona, sai dai duk iri ɗaya nake ganin su. Me ya kamata in duba? Daga wata uwargida a Jidda.

Amsa: Hajiya, barka kadai. Ki fara da duwatsun, ki ga ko mai zanen ya ba nisa haƙƙinsa. Iska da ƙura da hazo da ke tsakanin ido da dutse suna rage masa kaifin launi, shi ya sa dutse na kusa yake fitowa da duhu, ana ganin tsagoginsa da itatuwansa, na bayansa ya ɗan dushe, na can ƙarshe kuwa ya koma shuɗi-shuɗi har ya kusa sajewa da sama. Wanda ya taɓa tsayawa a kan Dutsen Sauda da ke kusa da Abha, mai tsayin kimanin mita 3,000, ya dubi gangaren da ya sauka zuwa Tihama, wato filin da ke bakin Bahar Maliya, ya san haka da idonsa.

Amma a ganina, a ruwa ake gane gwani. Ruwan da ke kusa da gaɓa yakan nuna tsakuwa da laka na ƙarƙashinsa, yayin da na nesa yake ɗaukar hoton dutse da sama. Wannan hoton ba ya kai dutsen ainihi kaifi: wuri mai haske yakan ɗan yi duhu a cikin ruwa, kuma idan iska ta kaɗa, sai hoton ya kakkarye, ya miƙe yana tahowa wajen mai kallo. Idan kika ga an kifa dutsen kawai a cikin tafkin, launi da komai daidai wa daida, to, mai zanen bai zauna a bakin ruwa ya lura ba. Ki kuma tabbatar inuwoyi duka sun faɗi ɓangare guda, domin rana ɗaya ce ke haska wurin.

Game da wurin saye, ki leƙa ƙauyen masu zane na Muftaha da ke cikin Abha, wanda Yarima Khalid Al-Faisal ya kafa a 1989. Idan kin samu mai zanen da kansa, ki tambaye shi inda ya tsaya ya zana, da safe ne ko da la'asar, sannan ki ja da baya taku huɗu ko biyar ki sake duban zanen, tunda daga irin wannan tazara baƙinki za su riƙa ganinsa a falo.