Yini ɗaya ya isa a hau Jungfraujoch lokacin sanyi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ka sauka Interlaken ta Suwizalan a watan Janairu, yini ɗaya tak gare ka, ko zai isa ka hau Jungfraujoch, wato wurin nan da ke can saman duwatsun Alps da ake hawa da jirgin ƙasa, ka dawo. Zai isa sarai, in dai ka yi sammako, don wajen ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi.

Ka bi ta Lauterbrunnen wajen tafiya. Kwari ne mai zurfi, duwatsu tsaye dama da hagu kamar bango, ruwan Staubbach na zubowa daga sama, gefensa duk ya daskare. Daga nan jirgin ƙasa zai haura da kai ta Wengen zuwa Kleine Scheidegg, sai ka canja wanda ke ratsa cikin dutsen Eiger. Tashar ƙarshe, wato Jungfraujoch, tana kan mita 3,454 sama da teku, babu tashar jirgin ƙasa da ta kai ta tsawo a Turai, tun 1912 take aiki. Daga can za ka hango ƙanƙarar Aletsch shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Ni dai na daɗe tsaye ina tasbihi.

Amma don Allah kada ka yanki tikiti sai ka duba kyamarorin da ke nuna yanayin saman dutsen a intanet da asuba. Kuɗin da yawa, in hazo ya rufe ba abin da za ka gani.

Ka sa riguna bisa riguna, safar hannu, da baƙin tabarau, hasken ƙanƙara na kashe ido. Iskar shaƙa ba ta da yawa a sama, ka riƙa takawa a hankali. Dawowa ka bi ta Grindelwald.