Injin da ya dace da gyaran kayan kiɗa

Malam, ka tambaya wane injin lantarki za ka ɗaure a teburinka don gyaran algaita, kakaki da gurmi. Fara duba ɗan farantin ƙarfe da ke jikinsa, wanda aka rubuta bayanan injin a kai. Wutarmu volt 230 ce, 50Hz (ma'aunin saurin kaɗawar wutar), saboda haka 'yan gwanjon Amurka masu 110 ka bar su inda ka gan su.

Sai gudu, wanda a ganina shi ne babbar magana. Mai juyi kusan 2,850 a minti ya fi kyau wajen goge tagulla ta yi ƙyalli, amma itace da ƙwarya ƙona su yake yi, kuma siririn ƙarfen kakaki yana iya fizge shi daga hannunka. Mai 1,425 ya fi biyayya. Idan aljihu ya yarda, sayi wanda ake rage wa gudu, mai bakin da ke riƙe ƙusa ko sandar ƙarfe.

Wat 250 zuwa 370 ya ishe ka. Wanda ya fi haka yakan wahalar da ƙaramin janareta lokacin tashi.

Ka nemi mai rufaffen jiki, don ƙurar hunturun Sakkwato tana cinye boris. Kafin ka biya, a kunna maka shi. In yana karkarwa, canza wani.