Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Ina rabon ɗan kasuwar Damagaram a zumuncin Nijar da Najeriya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Ni dillalin dabbobi ne a nan Damagaram, ina kai raguna da awaki Maigatari in dawo da masara ko siminti in Allah ya hore. Kullum muna ji a rediyo wai manyan Nijar da Najeriya sun zauna za a ƙarfafa kasuwanci da zuba jari, amma mu a hanya ba mu ga canji ba, duwan na nan kwastan na nan, naira kuma kana canza ta zuwa sefa sai ka nemi ribar ka rasa. Don Allah mu ƙanana akwai rabonmu a ciki kuwa?
Daga wani mai karatu, unguwar Zango.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Akwai rabonku mana, ai ku ne ma kasuwancin, tun zamanin Sarki Tanimun ayari ke tasowa daga Kano ya sauka Zango ya huta kafin ya nufi Agadas, kuma har yau iyakar nan mai kusan kilomita 1,500 ba ranar da kaya ba sa ƙetarawa. Hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu ma tun 1971 aka kafa ta, tana Yamai. Saboda haka zama da sa hannu ba su muka rasa ba, abin da muka rasa shi ne tabbas.

Ka duba fa, a watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyaka sai Disamba 2020 aka buɗe, mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har da katse kuran ɗin, wato wutar lantarki, da ke zuwa mana daga Katsina ta Gazawa, sai Maris 2024 aka buɗe, kuma kowa ya ga yadda farashin abinci da magani ya tashi a nan, can ma masu sayen dabba da albasa sun ji jiki. To wane mai kuɗi ne zai zo ya gina masana'anta a inda bai san ko gobe kamiyonsa zai ƙetare ba? Tunda Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairu 2025, yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye ta ƙara muhimmanci, kuma ni a ganina abu na farko da ya kamata a rubuta ciki shi ne ko an samu saɓanin siyasa kada a taɓa hanyar abinci da dabbobi da magani.

Maganar zuba jari kuma, wallahi nan ne abin ke ci mini rai. Je ka majema ka tsaya ka ga yadda ake fama da fata, a jiƙa ta a kankare gashi a sa bagaruwa a shanya, hannun mutum duk ya rine, amma fata mai yawa haka ake ɗaure ta dami-dami a loda zuwa Kano, can kamfanonin jima na Sharaɗa da Chalawa su gyara ta a fitar waje, wani ya yi takalmi da jaka ya ci ribar gaske. Riɗi ma haka, wake ma haka, rago ma da ƙafarsa yake tafiya ya rame a hanya. Da attajiran Kano da namu za su haɗa jari a kafa injin jima ko na matse mai ko mahauta mai ɗakin sanyi a nan, da samarinmu sun samu aiki ba sai sun tafi ci-rani ba. Kuma ba mafarki ba ne, matatar man fetur ta Soraz da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana ai a jiharmu take, jarin waje ne aka haɗa da na ƙasa.

Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a Fabrairu 2021 zai taimaka in an gama, amma a Maraɗi zai tsaya, mu namu shi ne a kula da hanyar Magarya da ta Matameye zuwa Ɗan Barto, a rage shingaye.

Batun canji, sefa a ɗaure take da kuɗin yuro shi ya sa ba ta cika rawa ba, naira kuwa tun Yuni 2023 aka sake ta kasuwa ke yanke mata farashi. Don haka Alhaji kar ka kwana da naira da yawa a aljihu, in ka sayar ranar Alhamis a Maigatari to ka juya kuɗin zuwa kaya ko ka canza a ranar, kuma bashi mai tsawo da naira ka guje shi ko da mutumin amininka ne, in ya zama dole ku yi lissafin da sefa a gaban shaidu. Kafin ka loda kuma ka tambaya ko akwai sabuwar doka, ka tuna a Mayu 2025 gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin layya.

Sannan ku dillalai ku riƙe ƙungiyarku da kyau, ku yi takardar likitan dabbobi, duk shingen da aka karɓi kuɗi ku nemi rasit, ku rubuta wurin da ranar da abin da aka karɓa a littafi ɗaya. Wannan littafin shi za ku kai wa majalisar 'yan kasuwa ta jiha, domin in wakilai za su zauna da na Najeriya su tafi da lissafin shinge nawa ne tsakanin Damagaram da Maigatari da nawa ake kashewa a kan kowace mota.