Tambaya da Amsa: Iyaye ba su san inda yaransu suka kwana a lissafi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a ƙaramar sakandare, iyaye ba sa jin labarin yaransu sai ranar karɓar sakamako, sannan su zo suna ta faɗa wai me ya sa ban sanar da su ba tun da wuri. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya iyayen nan suna da hujja fa, don lissafi hawa-hawa ne, yaron da bai gane furakshan ba, wato irin su rabi da kwata, ko lambobin da ke ƙasa da sifili, in an shiga aljabara, wato lissafin da ake sa haruffa a madadin lambobi, zai zauna ne kawai yana kallon allo yana gyaɗa kai, kuma kafin ƙarshen zango abin ya riga ya yi nisa.

Duk sati biyu ki tura gajeren saƙo a guruf ɗin WhatsApp na iyaye, ki faɗi abin da aka koya da wanda za a shiga da ranar gwaji. Amma makin yaro kam kar ki saka shi a guruf, tonon asiri ne, ki tura wa iyayensa su kaɗai.

Kuma maki 4 cikin 10 ba ya gaya wa uba komai. Ki ɗauki hoton takardar, ki zagaye wurin da ya kuskure, ki rubuta "ya iya ninkawa, rabawa ce ke ba shi wuya". Iyayen da lissafin ya fi ƙarfinsu ki ce su sa yaron ya yi musu bayanin tambaya ɗaya da bakinsa, in ya fara kame-kame su kira ki.