Dalilin da ya sa maganar da aka maimaita take kama da gaskiya

Malam, ka tambayi abin da ke sa mutum ya gaskata maganar da ya sha ji, ko da ba a taɓa kawo masa hujja a kanta ba. Abin da ke faruwa shi ne, idan magana ta shige ƙwaƙwalwa ba tare da wahala ba, zuciya takan ɗauki sauƙin nan a matsayin alamar gaskiya, alhali kuwa sabo ne kawai ya jawo shi. Lynn Hasher, masaniyar halayyar ɗan Adam, da abokan aikinta sun nuna haka a shekarar 1977, lokacin da suka gabatar wa ɗalibai jerin maganganu a zama uku, da tazarar mako biyu tsakani, sai ga shi waɗanda aka maimaita sun ƙara samun karɓuwa, na gaskiya da na ƙarya baki ɗaya.

Abin bai tsaya ga maimaitawa ba. A 2008, wasu masu binciken, Hyunjin Song da Norbert Schwarz, sun ba mutane bayanin wani motsa jiki iri ɗaya, wasu cikin rubutu garau, wasu cikin rubutu mai wuyar karantawa. Na farkon sun ƙiyasta zai ɗauke su kimanin minti 8, na biyun kimanin minti 15, kuma su na biyun ba su nuna ɗokin gwada shi sosai ba. Wahalar da ido ya sha suka ɗora wa aikin.

A ganina wannan ɗabi'a ba aibi ba ce tsantsa, domin abin da muka saba ji sau da yawa gaskiya ne. Sai dai masu talla da masu yaɗa jita-jita sun daɗe da gane wannan ƙofa.